Lura da Halayyar Ƙadangare a Cikin Keji: Jagora ga Malaman Gona da Manoman Yankin Minna

Gabatarwa

Da wuya ka shiga gona, ko gida, ko gindin rumbu a Minna da kewayenta ba ka ci karo da ƙadangare ba. Yana nan a kan duwatsun Bosso da Maikunkele, da katangun gidajen Chanchaga, da kunyoyin doya na Paiko da Gwada. Yawan ganinsa ya sa mutane ba su cika kula da abin da yake yi ba, kuma manoma sun kasu biyu a kansa. Wasu na ganin ɓarna kawai yake yi: yana ɓata ruwan sha, yana kashi a kan shanya, yana shiga akurkin kaji. Wasu kuwa na cewa abokin manomi ne, domin yana cin gara da fara.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Shi ya sa Bahaushe ya kira shi ƙadangaren bakin tulu, a kashe ka a fasa tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Malamin gona ba zai iya raba wannan gardama da baki ba, amma yana iya raba ta da abin da ido ya gani. Wannan jagora zai nuna maka yadda za ka tsare ƙadangare a keji na kwana bakwai zuwa goma, ka lura da halayyarsa tare da manoma, ka rubuta abin da kuka gani, sannan ka sake shi. Manufar ita ce manomi ya gane da kansa inda ya kamata a bar ƙadangare, da inda ya wajaba a tare masa hanya.

Wane ƙadangare ake nufi?

Dangin ƙadangare da ake samu a wannan yanki suna da yawa, kuma ba dukkansu suka dace da wannan aiki ba.

1. Ƙadangaren gida, wanda masana kimiyya ke kira Agama. Babban namijinsa shi ne jan-gwada, mai jan kai da shuɗin jiki, wanda tsawonsa har da wutsiya kan kai santimita 30. Tamatar ba ta kai shi girma ba, kuma launinta ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigo a ka. Da shi za ka yi wannan aiki.
2. Kulɓa, mai santsin jiki da sheƙi, wadda ke zama cikin busasshen ganye da ƙarƙashin duwatsu. Ba ta da dafi, duk da tsoron da ake yi mata, amma yawan ɓuyanta ya sa lura da ita ke da wahala.
3. Tsaka, wadda ke fitowa da dare ta kama ƙwari a jikin bango kusa da fitila.
4. Hawainiya, wadda ba ta jure tsarewa, kuma takan ƙi cin abinci ta rame idan aka kulle ta.
5. Damo da guza. Damo na zaune a tudu, yana cin dodon-koɗi da ƙadandoniya da gyare. Guza kuwa na bin bakin ruwa, kuma yakan ɗauki ƙwai da 'yan tsaki idan ya samu hanya.

Kada ka kama damo ko guza don wannan aiki. Dokar tarayya mai lamba 11 ta shekarar 1985 ta sanya su cikin dabbobin da aka ba kariya, kuma yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ban da haka, cizonsu da bugun wutsiyarsu na iya yi wa mutum rauni.

Abin da masana suka gano ta hanyar lura

Kada ka ɗauki wannan aiki a matsayin wasan yara. Yawancin abin da aka sani game da ƙadangare ta hanyar zama a kalle shi aka samo, kuma kaso mai tsoka daga nan Afirka ta Yamma ya fito.

A Ibadan, wani malamin ilimin dabbobi mai suna Vernon Harris ya daɗe yana bin rayuwar ƙadangare, har ya wallafa littafi guda a kansa a shekarar 1964. Ya bayyana yadda suke zama ƙungiya-ƙungiya, kowace da babban namiji ɗaya da mata da ƙanana, da yadda namijin ke kare yankinsa daga sauran maza.

A Dakar ta ƙasar Senegal, wata masaniya mai suna Madeleine Charnier ta ajiye ƙwan ƙadangare a ɗakin bincike cikin zafi iri biyu. A rahotonta na 1966 ta nuna cewa ƙwan da ya samu zafin digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyus kusan duk mata ya ƙyanƙyashe, wanda ya samu digiri 29 kuwa maza. Wannan ne karo na farko da aka gano cewa zafin ƙasar da ƙwai ke ciki na iya zaɓar jinsin abin da zai fito, kuma daga baya aka tabbatar da haka a kada da kunkuru iri-iri.

A Ibadan ɗin dai, cikin shekarun 1950, likitoci sun gano cewa ƙadangaren gida na ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela a hanjinsa, har aka raɗa wa wani nau'in ƙwayar sunan Agama.

Ta fuskar noma kuwa, a gonakin kofi na ƙasar Meziko da tsibirin Puerto Rico, masu bincike sun tsare wasu ƙananan ƙadangaru na can tare da ƙwaron da ke huda 'ya'yan kofi. Rahotonsu na 2017 ya nuna cewa ƙadangarun na cin ƙwaron, kuma ɓarnarsa na raguwa a inda suke.

Yadda za ka haɗa keji

Keji mara kyau zai ba ka sakamako mara kyau, domin ƙadangaren da ke cikin wahala ba ya nuna halinsa na gaskiya. Ka tanadi waɗannan:

1. Girma: tsawo mita ɗaya da rabi, faɗi mita ɗaya, bisa mita ɗaya. Idan ka samu halin yin wanda ya fi haka, ya fi kyau.
2. Jiki: firam na katako da ragar waya mai ƙananan idanu, yadda ƙwari ba za su fita ba. Ka rufe saman da raga, domin ƙadangare gwanin hawa ne, kuma shirwa da kyanwa na iya kai masa hari.
3. Gefen ƙasa: ka kewaye santimita 30 na ƙasan ragar da falanki ko buhu. Idan yana hango waje ta ƙasa, zai yi ta goga bakinsa a jikin waya har ya ji rauni.
4. Daɓe: ƙasa haɗe da yashi, kaurin santimita 15.
5. Kayan ciki: babban dutse ko bulo a ɓangaren rana, reshen itace da ya tashi sama, da fasasshiyar tukunya ko ɓawon itace domin ɓuya.
6. Ruwa: kasko mara zurfi, da ɗan dutse a ciki.
7. Ƙofa: ƙarama, a gefe, mai sakata.

Wurin da za ka ajiye kejin ya fi komai muhimmanci. Jikin ƙadangare ba ya samar da ɗumin kansa kamar na akuya ko kaza. Daga rana yake samun zafi, inuwa kuma ke sanyaya shi. Saboda haka dole rabin kejin ya samu ranar safe, rabi kuma ya kasance cikin inuwa kowane lokaci. Ka yi rufin ɓangaren inuwar da zana ko ciyawa. Kada ka yi da kwano, domin yana tara zafi. A Minna zafin watan Maris yakan haura digiri 35, kuma ƙadangaren da aka bari a rana ba mafaka na iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Ka nisanta kejin daga madafa, da rijiya, da wurin shanya, da akurkin kaji, da wurin wasan yara.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da ƙwari suka yawaita, shinge kuma na fitowa bayan ruwan farko. A lokacin hunturu ma ana iya yi, sai dai za ka ga yana makara wajen fitowa, cinsa kuma ya ragu.

Kamawa

Ka kama babban namiji ɗaya da mace ɗaya ko biyu daga wuri guda, wato daga ƙungiya ɗaya. Kada ka haɗa manyan maza biyu a keji. A sarari wanda aka fi ƙarfi yakan gudu ya bar yankin, amma a keji ba shi da inda za shi, sai a yi ta dukansa har ya daina cin abinci.

Hanya mafi sauƙi ita ce zarge: ka ɗaura zare mai laushi a bakin sanda mai tsawon mita biyu, ka lallaɓa da sassafe kafin jikinsa ya ɗauki zafi, ka zura masa a wuya, ka ɗaga a hankali, ka kwance nan take. Ka riƙe shi ta bayan kai da kafaɗa. Kada ka ja shi ta wutsiya, domin tana iya gutsurewa, kuma ko ta sake tsirowa ba ta komawa yadda take. Kada a yi amfani da danƙo, ko jifa, ko gam ɗin kama ɓera. Ƙadangare ba shi da dafi, amma yana cizo, don haka ka sa safar hannu ko ka naɗe hannunka da tsumma.

Farkon damina lokacin ƙwai ne. Idan ka ga mace mai kumburarren ciki da launin ruwan goro a gefen jiki, ka ƙyale ta, ɗauke take da ƙwai. Takan haƙa ɗan rami a ƙasa mai danshi ta zuba ƙwai kamar biyar zuwa bakwai ta binne, su ƙyanƙyashe bayan mako takwas zuwa goma.

Domin ka bambance su, ka ɗiga wa kowanne ɗan jan-farce a baya: ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ɗigo uku. Alamar za ta fita idan ya yi saɓa. Ka rubuta ainihin wurin da ka kama su, domin can za ka mayar da su.

Tsarin lura da rubutawa

Kwana biyun farko ka ba su ruwa da abinci ka ƙyale su. A wannan lokaci tsoro ne ke tafiyar da su, kuma abin da za ka gani gudu ne da ɓuya. Daga rana ta uku ka fara rubutu.

Ka zauna nesa da kejin kamar taku biyar, wuri ɗaya kullum, ba motsi ba surutu. Idanun ƙadangare na saurin kama motsi, kuma da zarar ka ɗaga hannu ya bar abin da yake yi ya koma kallonka. Idan manoma sun zo kallo, kada su wuce biyar a lokaci guda. Aikin na bukatar haƙuri irin na damo.

Ka lura sau uku a rana, minti ashirin kowane zama:

- Da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 9.
- Da tsakar rana, tsakanin ƙarfe 12 da 1.
- Da yamma, tsakanin ƙarfe 4 da 6.

Ka ja layuka a littafinka da waɗannan kanun: kwanan wata, lokaci, yanayin sama, lambar ƙadangare, inda yake zaune, launinsa, abin da yake yi, abin da ya ci. Duk bayan minti biyu ka ɗaga kai ka rubuta abin da kowanne ke yi a daidai wannan lokaci. Idan kana da ma'aunin zafi, ka auna ɓangaren rana da na inuwa. Idan kana da waya mai kyamara, ka ɗauki hoto ko bidiyo domin nuna wa waɗanda ba su halarta ba.

Ka rubuta abin da idonka ya gani, ka bar fassara sai daga baya. Maimakon ka rubuta cewa ya yi fushi, rubuta cewa ya gyaɗa kai sau shida, ya buɗe maƙogwaro, ya juya gefe. Ta haka ne wani malamin gona a Kuta ko Bida zai iya gwada littafinsa da naka.

Halayen da za ka gani da ma'anarsu

*Shan hantsi.* Da sassafe za ka same shi da duhun launi, jikinsa a mace. Zai hau dutse ya baje jiki ya ba rana gefe. Duhun launin na taimaka masa ɗaukar zafi da sauri. Ba zai yi farauta sosai ba sai jikinsa ya ɗumama.

*Canjin launi.* Yayin da jan-gwada ya ɗauki zafi, kansa zai koma ja ko ruwan goro, jikinsa ya yi shuɗi. Da dare, ko cikin sanyi, ko idan ya firgita, launin yakan dushe. Namijin da ba shi da yanki yakan zauna da launi mai kama da na mace. Idan jan-gwadanka ya wuni biyu bai yi launi ba alhali akwai rana, alama ce cewa kejin bai yi masa ba.

*Gyaɗa kai.* Wannan ita ce maganarsu. Namiji kan hau wuri mafi tsawo ya yi ta ɗaga ƙirji yana saukewa, yana sanar da cewa yankin nasa ne, ko yana neman mace. Idan wani namiji ya matso ta wajen raga, za ka ga ya ƙara yi, ya juya gefe domin ya nuna girma. A sarari, idan baƙon bai janye ba, faɗa da wutsiya ke biyo baya.

*Farauta.* Ƙadangare ba ya yawon neman abinci kamar kaza. Yana zama a wuri mai tsawo ya jira, idan ƙwaro ya motsa ya diro ya cafke ya koma. Abin da ba ya motsi sau da yawa yakan wuce shi.

*Gudun zafi.* Da tsakar rana zai koma inuwa, ko ya ɗaga jiki da yatsu daga ƙasa mai zafi. Idan ka ga ya buɗe baki ya daɗe a haka, zafi ya yi masa yawa. Ka ƙara inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa.

*Kwana.* Da magariba zai nemi wuri mai tsawo ko rami ya lafe. Ba ya aiki da dare. Wannan na nufin ƙwarin da ke fitowa da dare, kamar ƙwaron da ke cin doya a cikin kunya, ba su cika haɗuwa da shi ba.

Gwajin abinci

Wannan ne ɓangaren da manoma suka fi son gani. Ka yi shi da hantsi, bayan ƙadangarun sun sha rana.

1. Ka samo roba ko kwano biyu masu santsin ciki, ka nutsa su cikin ƙasar kejin yadda bakinsu zai yi daidai da daɓe.
2. A na farko ka zuba ƙwari masu rai waɗanda ka ƙidaya, iri ɗaya a kowace rana: gara, shinge, tururuwa, ƙananan fara, gyare, ko tsutsar da ka cire daga ganyen wake ko masara.
3. A na biyu ka sa ƙwayar dawa, da masara, da shinkafa, duk a ƙidaye, da yankan tumatir da ɗan ganye.
4. Bayan awa ɗaya ka ƙidaya abin da ya rage a kowanne, ka rubuta.
5. A rana ta ƙarshe ka haɗa ƙwari iri uku a kwano ɗaya, ka ga wanda zai fara ɗauka.

Bincike a kan abin da ake samu a cikin ƙadangare ya nuna cewa ƙwari ne mafi yawan abincinsa, musamman tururuwa da danginta, da gara, da fara, da ƙananan buzuzu. Yakan taɓa fure, da nunannen ɗan itace, da ragowar abincin gida, musamman da rani idan ƙwari sun yi ƙaranci. Saboda haka idan ya ciji tumatir a gaban manoma, kada ka ɓoye, ka rubuta. Ka bar su su gwada yawan ƙwarin da ya ci da yawan hatsin da ya taɓa, su yanke hukunci da kansu. Gani ya kori ji.

A kula: kada ka ba shi ƙwarin da aka kamo daga gonar da aka yi wa feshi cikin mako biyu da suka wuce.

Kashinsa da ruwan sha

Kashin ƙadangare baƙi ne da ɗan fari a ƙarshe. Farin shi ne fitsarinsa, wanda yake fitarwa a daskare domin tattalin ruwan jiki. Kowace safiya ka duba inda ya yi kashi, ka yi alama a zanen kejin da ke littafinka. Ka duba ko ya yi a kan dutsen da yake zama, ko a bakin kasko, ko a cikin ruwan. Ka nuna wa manoma, ka tambaye su: ina ƙadangare ke zama a gidajenku? Amsar ita ce bakin randa, da kan katanga kusa da shanya, da gefen kaskon kaji. Ai dama an ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Abin da yake bari a kaskon shi ne matsalar.

Ƙadangaren da ke ɗauke da Salmonela lafiyarsa ƙalau, ba za ka gane shi da ido ba. Idan ƙwayar ta shiga ruwa ko abinci, tana jawo wa mutum gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki, tun daga awa shida har zuwa kwana shida bayan an ci. Ta fi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu juna biyu. Tana kuma iya sa 'yan tsaki zawo. Ba ita ce ke kawo zazzaɓin taifot ba. Ƙwayar taifot daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa. Haɗarin Salmonela daga irin waɗannan dabbobi sananne ne a duniya: a shekarar 1975 ƙasar Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru domin kiwon gida, saboda yawan yaran da ke kamuwa.

Don haka ka kiyaye waɗannan:

- Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ƙadangare, ko kejin, ko kayan cikinsa.
- Kada a ci ko a sha komai a bakin keji.
- Kaskon kejin kada ya koma ga kaji ko madafa.
- Ka kwashe kashin kullum ka binne. Kada ka tara shi, domin akwai matasan da ke nemansa don shaye-shaye.
- Kada yara ƙanana su taɓa.

Iyakar abin da keji ke nunawa

Ka yi hattara wajen fassara sakamakonka. A keji kai ka zaɓa wa ƙadangare abinci ka kai masa gabansa. A gona shi zai nema. Idan ya cinye tsutsar masara ashirin a kwano, wannan bai nuna zai kare maka gonar masara ba. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Nijeriya a shekarar 2016 tana ɓuya ne a cikin kunnen masara, inda ƙadangare ba ya leƙawa. Gara ma yawancin ɓarnarta a ƙarƙashin ƙasa take yi, ko cikin kara, kuma sai ta fito fili yake samunta. Haka nan ba ya bambance ƙwaro mai ɓarna da mai amfani: yana cin gizo-gizo da ƙudan zuma kamar yadda yake cin fara.

Kuma ƙadangare uku ba su isa a yanke hukunci a kan na gari duka ba. Saboda haka ka haɗa da lura a sarari. Ka zaɓi tarin duwatsu ko kututture a gefen gona, ka zauna a lokutan nan uku, ka cika irin layukan da ka cika a bakin keji. Abin da ka gani a wuri biyun shi ne za ka iya dogara da shi. Idan malaman gona na ƙauyuka da dama suka bi tsari ɗaya suka haɗa littattafansu, sakamakon zai fi ƙarfi.

Amfani da sakamakon

*A gona:* ka bar ƙadangare ya yi aikinsa. Ka bar tarin duwatsu, da kututture, da 'yan itatuwa a kan iyaka, domin nan yake zama ya yi farauta. Ka rage ƙona daji, wanda ke kashe shi tare da mafakarsa. Ka hana yara harbinsa da danƙo. Ka ɗauke shi a matsayin mataimaki ɗaya cikin masu yawa, tare da tsuntsaye da kwaɗi, kana ci gaba da duba gona, da shuka a kan kari, da juya amfanin gona.

*Wajen feshi:* kada ka fesa maganin ƙwari sai ka duba ka ga ɓarnar ta kai a yi, kuma ka bi ƙa'idar da ke jikin kwalba. Magani na iya kashe ƙadangare ta hanyar ƙwarin da ya ci, ko ya kore shi ta hanyar ƙarar da abincinsa. A tsibirin Madagaska, wani rahoto na 2003 ya nuna cewa bayan an fesa maganin fipronil domin yaƙi da fara, gara ta ragu ƙwarai a wurin, sai yawan wasu ƙadangaru da ke rayuwa a kanta ya ragu.

*A gida:* ka rufe randa da tulu da rijiya da murfi mai kama baki. Ka shanya garin rogo, da alabo, da barkono, da kuɓewa a kan gado mai tsawo nesa da katanga, ka lulluɓe da raga idan da hali. Ka toshe tsagar bangon rumbu da ta ɗakin ajiya.

*A wurin kaji:* ka kewaye ɗakin 'yan tsaki da raga mai ƙananan idanu, ka wanke kasko kullum ka sake ruwa, ka rufe buhun abinci, ka kawar da tarin bulo da itace daga jikin ɗakin.

*A wurin zuma:* ƙadangare kan zauna a ƙofar amya ya yi ta tsintar ƙudan zuma. Ka ɗora amyar a kan ƙafafu, ka sa wa kowace ƙafa hular kwano mai santsi da bakinta ke kallon ƙasa, ka share ciyawa da rassan da zai bi ya hau.

Sakin ƙadangaru

Kada tsarewar ta wuce kwana goma. Idan kuwa ɗaya ya yi kwana uku bai ci ba, ko ya ji rauni a baki, ko idanunsa sun faɗa, ka sake shi nan take. Ka mayar da su daidai inda ka kamo su, da hantsi, kusa da wurin ɓuya. Idan aka daɗe, wani namijin zai gaje yankin, naka ya koma ba shi da wuri. Bayan haka ka binne ƙasar kejin, ka wanke ragar da katakon da sabulu, ka shanya su a rana kafin a sake amfani da su.

Kammalawa

Aikin nan ba ya cin kuɗi mai yawa: katako, da raga, da littafi, da awa ɗaya a kowace rana. A ranar sakin ƙadangarun ka tara manoman da suka halarta, ka karanta musu abin da aka rubuta, ka bar kowa ya faɗi abin da zai gyara a gonarsa da gidansa. Manomin da ya ga ƙadangare na cin gara, ya kuma ga kashinsa a cikin kasko, ba ya bukatar dogon bayani: zai bar shi a gona, ya yi wa tulunsa murfi. Idan kana bukatar ƙarin bayani, ka tuntuɓi ofishin malaman gona na ƙaramar hukumarka, ko likitan dabbobi mafi kusa da kai.